Jirgin da ba ya tashi, amma shi ke ba matuƙi aiki ko ya hana shi

Babu wani Alhajin Maraɗi da zai ɗauki makullin babbar motarsa, maƙare da buhunan wake ko albasa, ya miƙa wa yaro don kawai ya nuna masa permi. Sai ya sa tsohon direbansa ya zauna a gefen yaron, su ɗauki hanyar Ɗan Isa su je su dawo, a ga yadda yake canza giya, yadda yake taka birki idan jaki ya faɗo titi, da kuma ko yana jin magana idan aka ce masa ya rage gudu. Haka nan uwargida mai sayen gero a kasuwar Madarunfa ba ta yarda da abin da ta gani a bakin buhu, sai ta cusa hannunta har ƙasa.

To jama'a, kamfanonin jiragen sama ma haka suke yi idan za su ɗauki matuƙi aiki. Sai dai su ba za su iya cika jirgi da mutane 150 su ce wa baƙon yaro ya tashi da shi a gani ba. Saboda haka suka tanadi wata na'ura wadda take a ƙasa daram, ba ta zuwa ko'ina, amma duk wanda ya shiga cikinta ji yake yana cikin gajimare. A cikinta ake cusa hannu har ƙasan buhu.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana a shafinmu na yau shi ne, akan samu ɗan mai shago ko ɗiyar mai sayar da atamfa ya ci bakaloriya ta lissafi da kimiyya, ya ce shi tuƙin jirgin sama yake so. Iyaye su ji kuɗin karatun, wanda ya kai gomman miliyoyin sefa, su taɓa jari, wani ya sayar da fili, wata ta kwashi adashi ta haɗa da ƴan kunnenta na zinariya, da tunanin cewa ranar da yaro ya karɓi takardar tuƙi wahala ta ƙare. Alhali kuwa akwai sauran ƙofa guda a gaba, kuma a bakinta ne da yawa suke tsayawa.

Rumbu mai ƙafa shida

Masu aikin suna kiranta simileta, mu kuwa sai mu ce na'urar kwaikwayon jirgi. Idan ka hango ta daga waje, kamar wani babban rumbu ne fari da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe 6, waɗanda suke miƙewa suna gajarcewa, su karkata rumbun gaba ko baya, dama ko hagu. Idan ka hau matakala ka shiga, sai ka tarar da ɗakin matuƙin jirgi sak, kujeru biyu, sitiyari, da kowane maɓalli a daidai inda yake a jirgin gaske. A gaban tagogi kuwa kwamfuta ce ke nuna filin jirgi da fitilunsa, ko rana, ko dare, ko ruwan sama, ko hazo. Idan matuƙi ya ba inji wuta, sai ƙafafun su ɗaga gaban rumbun, bayansa ya manne da kujera, jikinsa ya yarda cewa gudu ake yi. A bayan kujerun biyu akwai ta uku, inda mai jarrabawa yake zaune da wani allo, wanda da taɓawa ɗaya zai kashe inji, ko ya tayar da gobara, ko ya rufe gari da hazo.

Asalin wannan dabara ya fito ne daga ƙasar Amurka. A shekarar 1929 wani saurayi mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, ya ɗauki zugazugai irin na masana'antar ya haɗa wani ɗan akwati mai motsi don koyon tuƙi. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, masu wuraren wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934, bayan da matuƙan sojan Amurka da aka ɗora wa jigilar wasiƙu suka yi ta faɗuwa cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda 6. A lokacin yaƙin duniya na biyu matuƙan Amurka sama da 500,000 ne suka koyi aiki a cikin akwatin Link.

Na'urorin yau sun kai matsayin da gogaggen matuƙi zai iya koyon sabon samfurin jirgi gaba ɗaya a cikinsu, ta yadda ranar farko da zai riƙe jirgin na gaske akwai fasinjoji a baya, malaminsa na gefensa. Kuɗin guda ɗaya kuwa miliyoyin dala ne, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Abin da ke faruwa ranar gwaji

Kowane kamfani da tsarinsa, amma galibi sai an duba takardun mai neman aiki, an yi masa jarrabawar rubutu, an zauna da shi an yi masa tambayoyi, sannan a kai shi ga na'ura. Sau da yawa akan ba shi takarda tun kafin ranar, mai bayanin jirgin da za a kwaikwaya, da filin da zai tashi, da gudun da ake so a kowane mataki. Akan haɗa masu neman aiki biyu-biyu, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya taimaka, sannan su yi musayar aiki. Abin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, awa ɗaya ko ƙasa da haka ga kowane mutum, kuma ba abin mamaki ba ne a sa yaro a samfurin jirgin da bai taɓa tuƙawa ba, kamar Boeing 737 ko Airbus A320, shi da ya yi karatunsa a ƙaramin jirgi mai farfela.

Abu na farko da akan yi shi ne kashe na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, a bar yaro da hannunsa da idonsa. Za a ce ya tashi, ya hau zuwa wani tsayi ya tsaya a nan, ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙara gudu, ya rage. A jarrabawar tuƙi, idan an ce mutum ya riƙe wani tsayi, ba a son ya kauce fiye da ƙafa 100 sama ko ƙasa, wato kimanin mita 30, a cikin jirgin da ke cin kilomita da dama a minti ɗaya. Daga nan sai a rufe masa tagogi da gajimare, a ce ya nemo fili ya sauka.

A nan ne aikin yake. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a tafkin Madarunfa da sanyin safiyar hunturu, lokacin da hazo ya haɗe ruwa da sama har ba a ganin gaɓa, ya san yadda mutum ke rasa gabas da yamma. A cikin gajimare abin ya fi haka muni, domin kunnen ɗan Adam na ciki, wanda shi ke gaya mana ko a miƙe muke ko a karkace, yana yin ƙarya. Jiki zai rantse cewa jirgi a daidai yake, alhali ya kwanta gefe guda. Don haka aka horar da matuƙi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa, idonsa na yawo daga wannan zuwa wancan ba tsayawa. Wajen sauka, akwai saƙon rediyo da ke fitowa daga bakin titin jirgi, wanda ya zama kamar wata igiya marar ganuwa da ta gangaro a hankali. Ita matuƙi zai bi har ya rage saura kimanin ƙafa 200 tsakaninsa da ƙasa. Idan ya ɗaga ido a nan bai ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ya ba inji wuta ya koma sama.

Wasu kamfanonin sukan ƙara da kashe inji ɗaya ana cikin tashi. Jirgi mai inji biyu yana iya tashi da ɗaya, haka aka ƙera shi, amma nan take zai fizge zuwa ɓangaren injin da ya mutu, sai matuƙi ya taka feda da ƙafarsa ya miƙar da shi, sannan su biyun su tabbatar wane inji ne ya lalace kafin wani ya taɓa komai.

Me mai jarrabawa yake nema?

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba ake nema, domin an san jirgin baƙo ne a hannunsa. Ana duba ko hannunsa ya san aiki tun daga tushe. Ana duba ko yana ɗaukar gyara: idan juyin farko ya yi masa wuya aka ba shi shawara, shin na biyu ya fi kyau? Kamfani zai kashe kuɗi mai yawa wajen horar da shi, don haka yana son wanda kansa ke ɗauka, kamar yadda mai shago ya fi son yaron da aka gaya masa farashi sau ɗaya ya riƙe.

Ana kuma duba zamansa da abokin aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jirgin fasinja aikin mutum biyu ne. Wanda ya yi shiru ya rungume komai shi kaɗai ya faɗi, wanda kuma ya ga abokinsa yana kaucewa ya ƙyale shi don kunya, ko don yana ganin abokin hamayyarsa ne a neman aiki, shi ma ya faɗi. A nan tarbiyyarmu ta kunya da kawaici, wadda abin yabo ce a gida, tana iya zama cikas. A ɗakin matuƙi dole ƙarami ya iya ce wa babba gudu ya ragu ko tsayi ya kauce, da ladabi amma a fili, ba tare da kewaye-kewaye ba.

Na ƙarshe shi ne yanke shawara. Yaron da ya ga saukarsa ta lalace, ya fasa ya koma sama don ya sake shiri, ya fi samun maki a kan wanda ya dage sai ya dire ko ta halin ƙaƙa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, haka ma da muguwar sauka gwamma sake zagayowa.

Dalilin wannan tsanani

Wanda ya ga kamar an cika takura wa yara, ya tuna ranar 29 ga watan Oktoba na 2006. A ranar ne jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa. Mutane 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Abin da ya same su shi ne irin iskar nan ta gaban hadari mai juyawa farat ɗaya, ta bugo daga gaba, ta danno daga sama, sannan ta koma baya ta janye wa jirgi ƙarfinsa. Akwai hanyar kuɓuta daga gare ta da ake koyarwa, amma ba a iya koyonta a sararin sama, sai a cikin na'ura. Rahoton hukumar binciken haɗurra ta Nijeriya ya ɗora laifin a kan shawarar tashi cikin wannan yanayi, ya kuma ambaci cewa matuƙan ba su iya aiwatar da matakan kuɓuta ba, kuma na'urar da aka yi musu bita a cikinta ba ta dace da koyar da wannan darasi ba.

Ga kuma abin da ya faru a tsibirin Taiwan ranar 4 ga Fabrairu na 2015. Jirgin kamfanin TransAsia samfurin ATR 72 ya tashi daga birnin Taipei, inji ɗaya ya samu matsala, sai matuƙin ya kashe ɗayan mai lafiya. Jirgin ya faɗa kogi, mutane 43 suka mutu. Bincike ya gano cewa a shekarar 2014 wannan matuƙi ya taɓa faɗuwa gwajin na'ura, inda aka lura da rauninsa wajen mutuwar inji a lokacin tashi, kafin ya sake gwajin ya wuce. Ashe na'urar ta riga ta faɗi gaskiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

To yaya yaro zai shirya? Da farko ya haddace takardar da aka ba shi kamar yadda ƴar kasuwa ta haddace farashin kayanta, ta yadda ko daga barci aka tashe shi zai faɗi gudun da ake so, da yawan wutar inji, da yadda hancin jirgi zai ɗaga a kowane mataki. Wanda ya tsaya tunanin lamba a cikin na'ura, jirgi ya riga ya wuce shi.

Na biyu ba ya cin ko dala. Ya manna hoton ɗakin matuƙi a bango, ya jawo kujera ya zauna, ya yi tafiyar gaba ɗaya daga tashi har sauka, yana miƙa hannu inda kowane maɓalli yake, yana faɗin kowace kalma da ƙarfi. Idan ya samu abokin karatu su yi tare, ya fi. Iyaye idan kun ga ɗanku a ƙuryar ɗaki yana magana da bango, kada ku tsorata, aiki yake yi.

Na uku, manhajojin kwamfuta irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane suna taimakawa wajen saba wa ido karanta agoguna, amma ba sa koyar da nauyin jirgi a hannu, kuma wanda ya yi ta wasa da su ba malami yana iya ɗaukar mummunar al'ada. Shi ya sa masu hali sukan yi hayar na'ura ta gaske na awa ɗaya ko biyu tare da malami kafin ranar gwaji.

Na huɗu shi ne Ingilishi, kuma a nan yaranmu da suka yi lakwal da Faransanci suke buƙatar ƙarin ƙoƙari. Tun daga 2008 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare iyakoki su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi. Kuma ba Ingilishin littafi kaɗai ba, wanda zai fito daidai lokacin da ƙararrawa ke kuka a kunne.

Na biyar, kada ya bari hannunsa ya yi tsatsa ko takardunsa su mutu yana zaman jiran aiki. Takardar likita da izinin tuƙi cikin gajimare duk suna da wa'adi, sai an riƙa sabunta su. A ƙarshe ya isa garin gwaji da wuri, ya yi barci isasshe, ya riƙe ƙa'idar da kowane malamin tuƙi ke maimaitawa: fara riƙe jirgi, sannan ka san inda ka nufa, sannan ka yi magana da ƙasa.

Ina yaranmu za su dosa?

Tun da Air Afrique, kamfanin da Nijar ta haɗa hannu da ƙasashe ƴan uwa aka kafa a 1961, ya durƙushe a 2002, guraben aikin tuƙi suka yi ƙaranci ga ƴan ƙasarmu, ya zama mafi yawan masu nema sai sun yi gogayya da ƴan wasu ƙasashe. A Yamai muna da makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda aka buɗe a 1963, amma ita masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da masu kula da na'urorin filin jirgi take horarwa. Aiki ne mai daraja, kuma ya kamata iyaye su san da shi. Makarantar tuƙi mai daɗaɗɗen tarihi da ke kusa da mu ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tafiyar yini guda daga Madarunfa ta Jibiya da Katsina. Ita ce ta yaye Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, wadda daga baya ta shugabanci makarantar. Akwai kuma makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, mai na'urorin kwaikwayo na manyan jirage.

Iyayenmu mata kuma su sani ba aikin maza kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan Nijar, kuma a 2020 ta kammala horon tuƙa babban jirgin dakon kaya samfurin C-130 a ƙasar Amurka.

Lissafin da ya rage ga iyaye

Kafin a fitar da ko jika ɗaya, a fara kai yaro wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi. Akwai larurar da ba a ganinta a gida, kamar rashin bambance launin ja da kore, wadda za ta iya rufe ƙofar gaba ɗaya, kuma gara a sani tun kuɗi na aljihu. Sannan a tuntuɓi hukumar ANAC a Yamai game da makarantar da za a tura shi, domin takardar da aka samo a wata ƙasa sai hukumar ƙasar da za a yi aiki ta amince da ita.

A kuma san cewa takardar farko ta aikin kuɗi ana samunta ne da kimanin awa 200 na tuƙi, alhali cikakkiyar takardar da ake zama kyaftin da ita tana buƙatar awa 1,500. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekaru, akwai kuɗin koyon samfurin jirgi na musamman, akwai kuɗin mota da masauki na zuwa gwaji. Mai hikima ba ya zuba duk jarinsa a kuɗin makaranta, yakan ware wani kaso na bayan kammalawa, kamar yadda mai sarin kaya a Kano ba ya mance kuɗin dako da na duwan.

A yi hattara da dillalan da ke cewa sun san wani babba, a ba su kaza su samo wa yaro aiki. Ko da sun shigar da takardarsa, ba za su shiga rumbun nan su riƙe masa sitiyari ba. Idan kuma yaro ya je ya faɗi, kada a mayar da shi abin gori a tsakar gida. Matuƙa da yawa da ke aiki yau sun taɓa faɗuwa a wani kamfani suka ci a wani. A tambaye shi inda ya gaza, a taimaka masa ya gyara.

Ku kuma Alhazai da Hajiyoyi masu zuwa Jidda ko sarin kaya a Dubai, idan kun zauna kun ɗaura bel, ku sani mutanen nan biyu da ke gaba sun bi ta wannan ƙofa, kuma ba su rabu da ita ba, domin galibi sau biyu a shekara ake mayar da su cikin na'ura a kashe musu inji a ga abin da za su yi, komai furfurarsu. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa mu riƙa sauka lafiya.